KYAMARA MAI SULKE: ME MUTUM KE SAYE DA KUƊINSA?

A shekarar 2010 kamfanonin ƙasar Jafan sun aika da kyamarori fiye da miliyan 120 zuwa kasuwannin duniya, kuma mafi yawansu irin 'yan ƙananan nan ne da mutum kan jefa cikin aljihun riga in za shi biki ko suna. A shekarar 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba, 'yan ƙananan kuwa ko miliyan 2 ba su cika ba a ciki. Ba sai an tsaya cigiyar wanda ya yi wannan ɓarna ba, kowa ya san wayar hannu ce. Amma a cikin 'yan ƙananan akwai wani iri guda da ya ƙi mutuwa, watau kyamarar nan mai kaurin jiki, ja ko baƙa ko ruwan lemo, wadda aka ce ruwa ba ya shigarta, ƙura ba ta shigarta, in kuma ta suɓuce ta faɗi ƙasa sai a ɗauka a karkaɗe a ci gaba da aiki.

Tambayar da masu niyyar saye ke yi a kanta ɗaya ce, ko da bakunansu sun sha bamban: shin hotonta yana da kyau? Amsar ba ta da daɗin ji ga mai kanti, haka nan ga wanda ya riga ya ƙirga kuɗi ya biya. A kan tudu, musamman da almuru ko a cikin ɗaki, waya mai tsada ta fi ta kyawun hoto, wani lokaci har matsakaiciyar waya ma takan fi ta. Duk da haka akwai waɗanda suka sayi irin wannan kyamara suka mori kuɗinsu ƙwarai da gaske, akwai kuma waɗanda suka saya suka yi da-na-sani tun a daren farko. Abin da ya raba su shi ne na farkon sun san abin da suke saye.

Asalin abin daga teku ya fito. Jacques Cousteau, Bafaranshen nan da ya shahara wajen binciken ƙarƙashin teku, shi ne ya buƙaci kyamarar da zai nutsa da ita haka nan, ba sai an kulle ta cikin wani akwatin ƙarfe ba. Wani injiniya mutumin Beljiyam mai suna Jean de Wouters ya ƙera masa ita, aka raɗa mata suna Calypso, watau sunan jirgin ruwan Cousteau. Kamfanin Nikon na Jafan ya karɓi aikin, ya fito da ita a shekarar 1963 da sunan Nikonos. An yi ta ne domin masu nutso, amma sai ga masu ɗaukar hoton yaƙin Biyetnam sun rungume ta, saboda a can ruwan sama da laka da gumi sun fi harsashi kashe kyamara. Ta biyar a jerin, wadda ta fito a 1984, tana jure zurfin mita 50, kuma an ci gaba da yin ta har zuwa 2001.

Abin lura game da Nikonos shi ne fim ɗin da ake sa mata daidai yake da wanda ake sa wa kowace babbar kyamara ta wancan zamani, mai faɗin milimita 36 da tsawon 24. Saboda haka mai ita bai rasa kome ba ta fuskar kyawun hoto. Inda ya biya kuɗin goro shi ne wajen wahala, domin tana da nauyi, ba ta jawo nesa kusa, kuma da ka mutum zai ƙiyasta tazarar da ke tsakaninsa da abin da zai ɗauka. Da zamanin fim ya wuce sai lissafin ya juya. Kamfanin Pentax ya fito da Optio WP a 2005, mai jure zurfin mita ɗaya da rabi. A 2006 Olympus ya biyo baya da 720 SW, mai jure mita 3 a ruwa da faɗuwa daga tsawon mita ɗaya da rabi. Daga nan aka shiga tseren zurfi: Canon ya kai mita 25 a 2014, Nikon ya kai 30 a 2015, Panasonic ya ɗara da mita ɗaya tak a 2018 domin dai a ce shi ne a gaba. Kowace shekara sulke na ƙara kauri, amma abin da ke cikin sulken yana nan yadda yake. Bayan 2019 waɗannan kamfanoni, har da Fujifilm, suka janye ɗaya bayan ɗaya, suka bar fagen ga masu Tough, da Ricoh mai jerin WG, da wasu 'yan araha masu ɗauke da sunan Kodak.

INDA GIZO KE SAƘA

A cikin kowace kyamarar zamani akwai wani ɗan faifai da ya gaji fim, shi ne ke karɓar hasken da ya shigo ta gilashin gaba ya mai da shi hoto. Girman wannan faifan haske shi ne ginshiƙin kyawun hoto, ya fi duk wani adadi da ake bugawa a jikin kwali. A kusan dukkan kyamarori masu sulke faɗinsa milimita 6 ne da 'yan kai, tsawonsa 4 da rabi, watau bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Na babbar kyamarar da ƙwararru ke riƙewa ya ninka shi kamar sau 30. Hoto kuwa haske ne aka tara, kamar yadda ake tarar ruwan sama. In ana kwarara ruwa kamar da bakin ƙwarya, wanda ya tara kofi da wanda ya tara daro duk za su sami na sha. In yayyafi ake yi, mai kofi zai koma da ƙishirwarsa. Tsakar rana ita ce mamakon ruwan, almuru da cikin ɗaki su ne yayyafin.

To, idan haske ya yi ƙaranci kyamarar takan ƙara wa ɗan abin da ta samu ƙarfi, kamar yadda akan ƙure muryar rediyo a kan tashar da ba ta kamu sosai ba, murya ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru. A hoto wannan shi ne tsaki-tsakin nan da ke bayyana a inuwa da fuskokin mutane. Sa'an nan kwakwalwar kyamarar ta zo ta goge tsakin, a wajen gogewar kuma ta haɗa da gashin gira da zaren aikin wuyan riga da ganyen itatuwa. Shi ya sa in aka buɗe irin wannan hoto a babban allo sai a gan shi kamar an shafe shi da man kaɗanya.

Me ya hana a sa babban faifai? Gilashi ne ya hana. Ƙaramar kyamara ta yau da kullum in aka kunna ta sai hancinta ya zuro waje, kuma wannan hanci shi ne ƙofar da ruwa da ƙura ke bi, shi ne kuma farkon abin da ke karyewa in ta faɗi. Saboda haka masu ƙera kyamara mai sulke suka naɗe gilasan a ciki. Haske kan shigo ta wata 'yar taga a gaba, wani madubi ya karkatar da shi, ya bi ta cikin gilasan da aka jera a kwance ko a tsaye cikin jikin kyamarar. Babu abin da ke leƙowa waje. Dabara ce mai kyau, sai dai wurin ƙunci ne, ƙananan gilasai kaɗai yake ɗauka, su kuma ƙaramin faifai kaɗai suke iya haskawa. Taura biyu ba ta taunuwa.

An gwada tauna su. A 2013 Nikon ya fito da AW1, mai faifan da ya ninka na sauran kamar sau 4, ana kuma iya canja mata gilashi, tana jure mita 15. A 2016 kamfanin Leica na Jamus ya fito da X-U, mai faifan da ya fi wannan ma girma, a kan kuɗi kusan dala 3,000. Hotunansu sun yi kyau, amma ba su shiga aljihu, kuma babu wadda aka yi wa magajiya a cikinsu.

Akwai wani tarko da mai saye ya kamata ya sani, watau yawan ɗigo. Kowane hoto tarin ƙananan ɗigogi ne, kuma 'yan kasuwa sun daɗe da gane cewa mutane na son babban adadi. Pentax WG-8 ta shekarar 2024 tana da ɗigo miliyan 20, alhali Tough TG-7 ta 2023, wadda ta fi ta tsada, miliyan 12 gare ta. Mai duban kwali zai ce ta farko ta fi. Amma faifan girmansa ɗaya ne. Gona ɗaya ce, a nan magada 12 suka raba, a can magada 20, kowa kuwa ya san inda rabon zai fi tsoka. Olympus da kansa ya taɓa hawa zuwa miliyan 16 a TG-3 ta 2014, sa'an nan a 2017 ya sauko zuwa 12 a TG-5, domin hoton duhu ya gyaru. Ba kasafai kamfani ke yarda ya rage adadin da ke jikin kwalinsa ba, saboda haka wannan saukowa shaida ce mai ƙarfi. Ɗigo miliyan 12 kuwa ya ishi hoton da zai cika shafin mujalla.

Adadin da ya cancanci a duba shi ne na faɗin kafar da haske ke bi, wanda akan rubuta da harafin f a gefen gilashi, kuma ƙaramin adadi shi ne babbar kafa. TG-7 tana farawa daga f/2.0, WG-8 daga f/3.5, watau ta farko tana shan hasken da ya ninka na ta biyu kamar sau 3. Amma fa wannan falala tana nan ne muddin ba a jawo nesa ba. Da zarar an jawo har ƙarshe kafar TG-7 ta tsuke zuwa f/4.9, sai ta koma kusan sahun sauran.

Ita kuwa waya ta wuce ne ta hanyoyi biyu. Faifan babbar kyamarar wayoyi masu tsada ya girma har ya zarce na kyamara mai sulke, wasu ma tun 2022 sun kai girman na AW1 ɗin nan. Daɗin daɗawa, in mutum ya danna waya sau ɗaya, hotuna da dama take ɗauka cikin ƙiftawar ido, ta gauraya su, ta ɗauki haske daga wannan da inuwa daga wancan. Kamfanonin waya na zuba dukiya mai yawa a wannan aiki kowace shekara, alhali TG-7 faifanta da gilashinta na TG-6 ta 2019 ne, an dai canja mata ramin caji da 'yan wasu abubuwa, an kuma canja sunan da ke goshinta, tun da Olympus ya sayar da sashensa na kyamarori a farkon 2021, ya koma OM System.

ABIN DA TA IYA

Kada mai karatu ya ɗauka hotonta ba shi da amfani. Da rana a fili, launinta mai kyau ne, hoton kuma garau. Tana jawo nesa da gilashi na gaskiya, sau 4 ko 5, inda ƙaramar waya ke yanko tsakiyar hoto kawai ta buɗa shi. Tana da maɓallai na dannawa, waɗanda ke aiki ko hannu na jiƙe, ko yana cikin safa, ko ya yi dumu-dumu da siminti, alhali fuskar waya da ta ji ɗigon ruwa sai ta rikice. Daga TG-4 zuwa yau kuma jerin Tough na iya ajiye ɗanyen hoto, wanda kyamara ba ta riga ta goge ba, domin mai shi ya gyara da kansa a kwamfuta.

Akwai fage guda da ta yi fice har masu manyan kyamarori ke sha'awarta, shi ne ɗaukar ƙaramin abu daga kurkusa. Ƙanƙantar faifan da ta zama aibi a duhu, a nan ta zama alheri, domin ƙaramin faifai da gajeren gilashi kan fito da gaba da bayan abu duk a sarari. Ana iya kusantar abu har santimita 1. Ricoh ya kewaye gilashin tasa da 'yan fitilu 6 domin kada inuwar kyamarar ta rufe abin. Malamin gona da ke son nuna wa na gaba da shi irin tsutsar da ta shiga masara, likitan dabbobi da ke duba kaska ko gyambon kofato, makanikin da ke son lambar da aka buga a jikin wani ƙarfe can cikin inji, duk wannan aikinsu ne. A Jafan ma'aikatan gine-gine na cikin manyan masu sayenta, har Ricoh ya yi musu G900 a 2019, wadda ake iya goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, TG-7 ma an sa mata tsari na musamman domin hoton wurin gini, wanda ke rage ɓarnar ƙurar da ke yawo a iska.

Cikin ruwa kuwa wata duniya ce. Ruwa na shanye launi. Ja ne ke fara ɓacewa, kafin a kai mita 5 ya dusashe, ruwan lemo ya bi shi, sa'an nan rawaya, har ya rage sai shuɗi da kore. Kyamarorin na da tsarin da ke ƙoƙarin maido da jan, yana kuma taimakawa a sama-sama, amma abin da ruwa ya riga ya shanye sai fitila ke dawo da shi. Fitilar jikin kyamarar kuma tana dab da gilashi, saboda haka duk wani gari-gari da ke yawo a ruwan sai ya haska ya dawo mata, daidai da direban da ya kunna babbar fitila cikin hazo. Bugu da ƙari, ruwa kan sa abu ya ƙara girma da kamar kashi ɗaya bisa uku, watau filin da gilashi ke gani ya tsuke. Maganin duka ɗaya ne, a matsa kusa, a rage ruwan da ke tsakani.

Wannan ya kawo maganar hotunan talla, na kifaye masu launi a cikin ruwa garai-garai kamar gilashi. Irin wannan ruwa na tekunan murjani ne. Wanda ya tsoma kyamararsa a Kwara ko Binuwai da damina, ko a kogin Matan Fada ranar da dubban masunta suka auka masa a bikin kamun kifi na Argungu, abin da zai samo bai wuce launin kunun kanwa ba, kome tsadar kyamarar. Amfaninta a irin waɗannan wurare a saman ruwa yake: cikin kwalekwale, cikin fantsama, cikin ruwan sama, ko a unguwar da ambaliya ta ci, inda jami'in agaji ko ɗan jarida ke kutsawa ruwa iya ƙugu. Ga mafi yawan mutanen Arewa ma ƙurar hunturu ta fi ruwa zama abokiyar gaba, domin ita ce ke bin hancin ƙaramar kyamara ta maƙale a faifai, ta bar tabon da ba ya fita a kowane hoto. Mai sulke ba ta da wannan ƙofa.

AI WAYA MA BA TA JIN RUWA

Haka masu waya kan ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wayoyi da yawa na ɗauke da alamar IP68. Lamba 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 8 na nufin an gwada nutsar da ita, amma kamfani ne ke faɗin zurfin da tsawon lokacin. Manyan wayoyin Samsung mita ɗaya da rabi ne na minti 30, iPhone 12 da ƙannenta mita 6 na minti 30. Gwajin kuwa a ɗakin bincike ake yi, da sabuwar waya, cikin ruwa mai daɗi wanda ba ya motsi. Ba ruwan gishiri, ba sabulu, ba igiyar ruwa. Manne da robar da suka toshe wayar kuma suna tsufa, in an taɓa buɗe ta wajen mai gyara kuwa magana ta ƙare. Sa'an nan garantin kamfani bai haɗa da ɓarnar ruwa ba. A kan wannan hukumar kare masu saye ta Italiya ta ci Apple tarar Yuro miliyan 10 a 2020, a 2022 kuma wata kotun tarayya a Ostireliya ta ci Samsung tarar dalar ƙasar miliyan 14, saboda tallace-tallacen da suka nuna wayoyinsa a teku da wurin ninƙaya.

Akwai kuma abin da ya fi tarar muhimmanci. Wayar mutum a yau ita ce bankinsa, ita ce littafin bashinsa, ita ce lambobin dangi da abokan ciniki. In kyamara ta nutse, kyamara aka rasa da hotunan yini ɗaya. In waya ta nutse, wani sai ya yi mako yana zarya kafin harkokinsa su daidaita. Wani ɓangare na kuɗin kyamara mai sulke kuɗin barin waya ne a busasshen aljihu.

TG-7 ta fito a kan kimanin dala 550, WG-8 kimanin dala 400, masu sunan Kodak ƙasa da 200. Duk wanda ya juya waɗannan zuwa Naira ya san ba kuɗin wasa ba ne. Da dala 550 ana iya samun babbar kyamara ta hannu wadda hotonta zai ninka na TG-7 kyau, saboda haka mai hoton biki, wanda aikinsa cikin zaure da rumfa da dare yake, in ya sayi mai sulke ya zubar da jarinsa. Haka magidancin da ke son hoton yara a tsakar gida, wayarsa ta ishe shi. Wanda bidiyo ya fi damunsa, GoPro da ire-irenta sun fi dacewa da shi, tun 2016 suna shiga ruwa har mita 10 ba tare da kube ba, ko da yake ba su jawo nesa. Amma injiniyan da zai kai hoton gindin gada a matsayin shaidar aiki kafin a biya ɗan kwangila, ko mai binciken da zai yi sati biyu a fadama, shi ba kyau yake nema ba da farko, so yake hoton ya samu, kuma ya iso. TG-7 har takan rubuta wurin da aka ɗauki hoto da zurfi ko tsawon wurin a jikin bayanansa. Su kuwa 'yan arahar, gilashinsu duhu gare shi kuma sukan yi nawa wajen kama abu, sun fi dacewa da yara da yawon shaƙatawa.

ƘANANAN RUBUTU

Alkawuran da ke jikin kwali gaskiya ne, amma kowanne da sharaɗinsa a cikin littafin da ba a cika karantawa ba. Mita 15 na Tough na sa'a ɗaya ne. A wannan zurfi ruwa na danna kowane murabba'in santimita na jikinta da nauyin kilo ɗaya da rabi, kuma wanda ya yi tsalle ya faɗa ruwa da ita a hannu, ko ya tara ta ƙarƙashin famfo mai ƙarfi, zai iya ɗora mata bugun da gwajin bai ƙunsa ba. Mai son wuce nan sai ya sayi kube na musamman da ke kai ta mita 45, da kuɗinsa daban. Faɗuwar mita 2 da 'yan kai da Ricoh da Nikon suka ambata a kan katako mai kaurin santimita 5 aka gwada, ba a kan dutse ko kwalta ba, kuma kamfanonin sun ce bayan mummunar faɗuwa ba su lamunce ruwa ba zai shiga ba. An yi shelar tana jure sanyi har digiri 10 ƙasa da daskarewar ruwa, abin da bai dami kowa ba a Nijeriya. Abin da ba a yi shela ba shi ne iyakar zafin da aka yarda ta yi aiki a ciki digiri 40 ne, wanda Sakkwato da Maiduguri kan wuce a watan Afrilu. Barinta a gaban mota a rana yana dafa robar da ke tsare ta, fitar da ita daga ɗaki mai na'urar sanyi zuwa cikin zafi da laima kuma kan sa gilashi ya yi raɓa ta ciki.

Duk wannan sulke a kan zoben roba guda ɗaya ko biyu ya dogara, waɗanda ke kewaye da murfin batir da na ramin caji, kaurinsu bai fi tsinken tsintsiya ba. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ɗaya in ta kwanta a kai ta isa ta buɗe wa ruwa hanya. Ka'ida ita ce a duba zoben kafin a rufe, a tabbata makullin ya shiga, kada a buɗe da jiƙaƙƙen hannu ko a bakin ruwa, in an fito daga teku ko laka a jiƙa ta cikin ruwa mai tsabta kamar minti 10 tana rufe, a bar ta ta bushe a inuwa. Kamfanonin sun ba da shawara a canja zoben sau ɗaya a shekara, aikin da a wurinsu ko wakilansu ake yi.

A nan ne mai sayen ta hannu a kasuwar kayan waya da kwamfuta ta Ikeja, ko wata kasuwa irinta, ya kamata ya buɗe ido. Kyamarar 2015 ko 2017 tana iya kunnuwa ta ɗauki hoto lafiya lau a gaban mai kanti, alhali robarta ta shekara da shekaru ba a taɓa ta ba. A buɗe murfin a duba: in zoben ya bushe, ko ya tsage, ko ya lotsa, in akwai farin gishiri ko koren tsatsa a bakin ƙarafan batir, in kusurwar jikin ta lanƙwasa, to a saye ta a matsayin mai jure ƙura da yayyafi kawai, a kuma taya ta da wannan farashi. Gwajin bokiti, inda akan tsoma ta a duba ko kumfa na fita a jere daga gefen murfi, yana tona babbar ɓaraka, amma bokiti ba ya nuna abin da zai faru a mita 5.

Abu na ƙarshe da kwali ba ya faɗa da babbar murya shi ne ba ta yin iyo. TG-7 nauyinta giram 249, in ta kuɓuce daga hannun wanda ke cikin kwalekwale ƙasa za ta yi kamar dutse, tana aiki lafiya lau a inda ba mai iya kai mata hannu. Akan sayar da wata igiyar hannu mai soso, ja ko ruwan lemo, wadda ke taso da ita sama, kuma daban ake sayenta.